Abokan Aikina

Shekara goma sha tara ina gadin layin 'yan tireda
a kasuwar Sabon Gari,
tocila a hagu, gora a dama.
Na san takun kowa ko an ɗauke wuta:
na Alhaji Ɗanjuma jan ƙafa ne,
na yaronsa kamar akuya ta hau kwano.
Takun da ban sani ba,
shi ke tayar mini da tsigar jiki.

Yau na sauka daga aiki ban runtsa ba,
na saɓi jikata Suwaiba zuwa Wusasa,
uwarta na biye da kati a leda.
Wata tara cif. Haƙora biyu, duk na ƙasa.

Na ce da malamar asibiti, Briskila,
me za ki ɗura wa yarinyar da ba ta ce ciwo ba?
Ta ce, Baba, mece ce sana'arka?
Na faɗa. Ta ajiye auduga tana dariya:
Ashe abokan aikinka zan aika wa saƙo.

A jinin 'yar nan akwai masu gadi, in ji ta,
farare, ƙanana, ido bai kama su,
ba albashi, ba hutun Juma'a.
Fata ce ganuwa, hanci da baki ƙofofi,
majina ma taɓo ce mai riƙe ƙafar ɓarawo.
In ya tsallake,
wasu su haɗiye shi ɗungurungum,
wasu su yagi rigarsa su ruga suna nunawa,
wasu su zauna ƙira,
kowane ɓarawo da ankwar da ta dace da hannunsa.
Sai dai ƙira na cin kwanaki,
baƙon dauro kuwa ba ya jiran maƙeri.

Na yi shiru. Na san shi.
Ya sauka gidanmu a Ƙofar Gayan ina ɗan shekara bakwai,
ba sallama,
ya kwantar da mu huɗu a tabarma ɗaya.
Uku muka tashi.
Har damina ta wuce inna na kwashe tuwo malmala huɗu,
sai ta tsaya da mara a hannu,
ta tuna Tanimu.

Wannan ruwan, ta ce, tana ɗaga 'yar kwalba,
shi ne, an karya masa gwiwa, an zare masa wuƙa,
za mu zagaya da shi su ƙare masa kallo.
Wasu cikinsu ba sa mantuwa,
su tsufa a bakin ƙofa da fuskarsa a ransu.
Ranar da mai wuƙar ya zo,
ya tarar ankwarsa na rataye, an shafa mata mai.

Allura ta shiga.
Suwaiba ta kwarara ihun da na ce Kufena ta ji,
ta dube ni kamar ni na sayar da ita.
Kafin mu kai bakin titi tana cin igiyar tocilata.

In jikinta ya yi ɗumi nan da 'yan kwanaki,
kada ku firgita, maƙera aka hura.
Ta ƙara da cewa, ka turo maƙwabta.
Wannan ban nemi bayani ba:
a layinmu, da kowane shago ya biya kuɗin gadi,
har teburin tsohuwa mai daddawa, da ba ta da sisi,
yake kwana lafiya.

Yanzu ƙarfe biyun dare.
Jirgi bai wuce ba, karnukan 'yan nama sun yi shiru.
Na zura hannu ta wuyan riga,
na taɓa tabon lamba a kafaɗata,
wanda aka yi mini a makaranta ina kuka,
ban taɓa tambayar ko na mene ne ba.
Ashe duk daren nan ba ni kaɗai nake zaune ba.
Na gyara gora, na ce a hankali,
don kada Malam Iro na layin gaba ya ce na zautu:
sannunku da aiki.